Asusu, Adashi, Banki, Kiwo ko Gwal: Ina Za Ka Tara Kuɗi Idan Ka Ƙudurta Daina Cin Bashi?

Wanda ya yanke shawarar daina cin bashi, abu na farko da ke tare masa gaba shi ne wurin ajiya. Buƙatu ba sa tsayawa don ka ƙi rance. Mai gida zai zo karɓar kuɗin haya a watan da ya saba, makaranta za ta aiko da takarda, yarinya za ta isa aure, Sallah kuma ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Abin da ya canza shi ne yanzu dole kuɗin su riga buƙatar isowa. To a ina za su zauna kafin ranar?

Ana cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ban musa ba cewa akwai ranar da mutum ba shi da makawa, kamar ciwon dare ko gobara. Amma yawancin bashin da nake gani a wuyan mutane na abubuwan da aka san ranarsu ne tun da wata shida ko shekara: haya, kuɗin makaranta, ragon suna, kayan ɗaki. Irin waɗannan ana iya tarbar su da shiri, idan an zaɓi wurin tari da ya dace da tsawon jiran da kuma halin mai tarin.

Ma'aunin da za mu auna da shi

Domin maganar ta tsaya a kan ƙafa, mu ɗauki mutum ɗaya. Yana buƙatar naira 600,000 nan da shekara guda, yana kuma iya ware 50,000 duk wata. Na san a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun watan Yulin 2024, mutane da yawa ba za su iya ware haka ba. Ka cire sifili ɗaya idan ka ga dama, lissafin yana nan yadda yake.

Da farko za mu duba tsada, wato nawa hanyar da kanta take ci daga cikin kuɗinka. Sai kuma abin da ya fi komai nauyi a shekarun nan: shin kuɗin za su riƙe darajarsu? Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a kasuwa a watan Yuni, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. A aljihu, wannan yana nufin kayan da ake sayarwa 600,000 a farkon shekarar sun haura 800,000 a ƙarshenta. Alƙaluman sun sauko daga baya, amma saukarsu ba ta mayar da farashin yawancin kaya inda yake ba, gudun hawan ne ya ragu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram wannan ma'aunin bai yi musu nauyi haka ba, tunda sefa a ɗaure take da yuro a kan farashi ɗaya.

Akwai sauƙin zubawa da sauƙin ɗauka, akwai haɗarin asara. Na ƙarshe kuwa shi ne wanda ba a cika faɗa ba, alhali shi ke rusa yawancin tari: shin wurin zai kare kuɗin daga hannunka, da kuma daga bakin da ba ka iya ce wa a'a? Mutum nawa ne ya tara rabin kuɗin haya, ƙani ya zo da ƙwalla a ido, shi ke nan aka koma sifili?

Asusu

Ko na yumɓu ne, ko akwatin katako da kafinta ya buga, ko gwangwanin da mai walda ya liƙe, asusu ba ya cin komai sai kuɗin sayensa. Babu layi, babu matsalar sabis, ko naira ɗari biyu ce ka jefa. Wajen koya wa yaro ko amarya ɗabi'ar ajiya, ban ga abin da ya kai shi ba.

Amma ga 600,000 na shekara guda, shi ne mafi rauni. Hauhawar farashi na cin kuɗin a zaune, gara da danshi na cin takardar, ɓarawon gida ya san inda yake, guduma kuma tana kusa da hannunka kullum. Sannan mun ga abin da ya faru lokacin da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin 31 ga Janairun 2023, ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffi da matan ƙauye da suka shekara suna tari a ɗaka sun kwana a layin banki, wasu sun rabu da kuɗinsu a kan ragi, kafin Kotun Ƙoli ta ce a watan Maris a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. Asusu na ƙaramin buri ne, na wata biyu zuwa uku.

Adashi

A nan zan daɗe, domin adashi shi ne abin da yawancin masu gudun bashi ke rugawa gare shi, kuma shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta.

Mutum goma sha biyu, kowa na zubin 50,000 a wata, kwasa 600,000. Tsadarsa kaɗan ce: ɗan abin da ake ba uwar adashi, wani wurin ma ba a ba da komai. Babu kuɗin ruwa, kowa zai karɓi daidai abin da ya zuba, abin da ya sa mafi yawan malamai ba su ga laifinsa ba. Ƙarfinsa na gaske kuwa kunya ce. Mutumin da ba ya iya ajiye wa kansa ko sisi, zai yi duk yadda zai yi ya kai zubi don kada a kira sunansa a gaban abokan aiki ko matan unguwa. Kuma idan ɗan'uwa ya zo roƙo, amsar "na kai adashi" tana rufe baki ba tare da an ɓata zumunci ba. Wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce.

Sai dai mu kira abu da sunansa. Wanda ya yi kwasar farko ya zuba 50,000 ya ɗauki 600,000. Ragowar 550,000 bashin mutum goma sha ɗaya ne a wuyansa. Idan aikinsa ya tsaya a wata na uku, ko ajali ya riske shi, nauyin yana nan a kansa da kan magadansa. Mai son ya kwanta babu haƙƙin kowa a kansa, ya sani cewa hannun farko rance ne maras ruwa, rance mai kyau, amma rance. Wanda ya yi kwasar ƙarshe shi ne mai tari na gaskiya, shi ne kuma ya ranta wa kowa. Shi hauhawar farashi ke ci, shi ne kuma ke ɗauke da haɗarin duk wanda ya kwasa ya gudu. Firjin da na farko ya saya 600,000 a Janairu, na ƙarshe zai iya tarar da shi ya fi ƙarfin kwasarsa a Disamba.

Shi ya sa nake ganin a zamanin nan adashin wata goma sha biyu ya yi tsawo. Na mutum biyar ko shida ya fi adalci, don tazarar da ke tsakanin na farko da na ƙarshe ba ta da yawa. Idan za a sake zagaye, a juya jerin: wanda ya yi ƙarshe ya dawo farko. Idan kai ne za ka zaɓi gurbi, ka ɗauki tsakiya, ko ka daidaita kwasarka da watan da buƙatar za ta faɗo. Kwasar da ta zo babu abin da ke jiran ta, cikin mako biyu take narkewa.

Haɗarin adashi gaba ɗaya yana wuyan mutanen cikinsa. Na 'yan ofis ɗaya da ake cire zubi ranar albashi, ko na 'yan layi ɗaya a kasuwa da kowa ya san shagon kowa, yana da ƙwari. Na WhatsApp da Facebook, inda ba ka taɓa ganin fuskar uwar adashi ba, an sha jin yadda yake ƙarewa. Duk adashin da aka ce ka zuba 50,000 ka kwashi 80,000 ba tare da an nuna maka sana'ar da ta haifi ƙarin ba, wannan ya tashi daga adashi. A kuma rubuta: sunaye, ranar zubi, ranar kwasa, da abin da za a yi idan wani ya rasu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a suratul Baƙara, umarni ne da rubuta bashi, don haka babu kunya a fito da littafi ko da tsakanin 'yan'uwa ne.

Akwai kuma mai adashin kullum, wanda ke zagayawa da kati yana karɓar zubi a wurin 'yan tireda da masu shayi. Al'adarsa ita ce ya riƙe zubin rana ɗaya a kowane wata. Mai zuba 2,000 kullum zai biya 24,000 a shekara, wajen kashi uku cikin ɗari, don kawai a riƙe masa kuɗinsa. Ga mai cinikin yau da kullum wanda kuɗi ba sa kwana a hannunsa, ladan ya cancanta. Amma kuɗin unguwa guda suna jakar mutum ɗaya, babu inshora.

Tsarin da ya fi burge ni shi ne na ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a Nijar a 1991: akwati ɗaya, makullai a hannun mata daban-daban, ba a buɗewa sai a gaban kowa, a raba a ƙarshen zango. Matan unguwa na iya aron wannan dabarar ta akwati da makullai, su bar ɓangaren rance da ƙari idan zuciyarsu ba ta kwanta da shi ba.

Banki da asusun waya

Wajen tsaro daga ɓarawo da gobara, banki ne a gaba. Ko bankin ya rushe akwai kariya: a 2024 hukumar inshorar ajiya, NDIC, ta ɗaga abin da take lamunce wa kowane mai ajiya a manyan bankuna daga naira 500,000 zuwa miliyan 5, a ƙananan bankuna kuma daga 200,000 zuwa miliyan 2. An ga amfaninta da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024. Dubu ɗari shidanmu suna cikin wannan lamunin.

Tsadarsa ƙanana ce amma ba ta yankewa: kuɗin saƙon alat, kuɗin kati, harajin naira 50 a kan tura kuɗi daga 10,000 zuwa sama, da ladan mai POS duk ranar da kake son tsaba. Wajen riƙe daraja kuwa, kada ka sa rai. A ƙarshen 2024 ruwan da ake bai wa asusun ajiya yana wajen kashi takwas cikin ɗari a shekara, farashi na hawa da fiye da talatin. Ko wanda bai damu da haramcin kuɗin ruwa ba, asara yake yi a zaune.

Ga mai gudun kuɗin ruwa, yanzu akwai zaɓi. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Suna da asusun mudaraba, inda suke juya kuɗinka a raba ribar da aka samu, babu alƙawarin adadi. Ga kuɗin da ba za a taɓa ba na shekaru, akwai Sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, wanda aka fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi. Ana shiga da 10,000, ana biyan mai jarin kasonsa na kuɗin hayar hanyoyin sau biyu a shekara, wa'adinsa shekara bakwai ko goma. Bai dace da kuɗin hayar gidan baɗi ba, amma ya dace da tanadin karatun ɗan da ke firamare yau.

Babban aibin banki a yau shi ne ya yi sauƙi da yawa. OPay da Moniepoint da PalmPay sun rufa wa mutane asiri lokacin ƙarancin takardun kuɗi, amma sun mayar da ajiya abin da yatsa ɗaya ke kwashewa da tsakar dare. Idan banki ka zaɓa, ka buɗe asusu na daban, kada ka karɓi kati, kada ka sa manhajarsa a wayarka, ka ba da umarnin a riƙa cire kuɗin ranar da albashi ya shiga. Lambar sirri da lambar da ake turowa ta waya ba a faɗa wa kowa, ko ya ce daga banki yake kira. Kuma duk manhajar da ta yi alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ka tuna MMM da ta rufe a Disambar 2016, da CBEX da ta tafi da kuɗin mutane a Afrilun 2025.

Kiwo da ajiyar hatsi

Kakanninmu a turke suke ajiya, kuma suna da hujja. Dabba tana bin farashin kasuwa, tana ƙara nama, tana haihuwa. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi cikinta wata biyar ne, tana yawan haifar tagwaye, da kulawa tana iya haihuwa sau uku a shekara biyu. Kuma babu wanda ke sayar da akuya don ya sayi katin waya, don haka kuɗin sun tsira daga hannunka.

Amma dabba ajiya ce mai ci. Ga misali, ka sa farashin garinku a madadinsa: ka sayi ɗan rago 120,000 wata huɗu kafin Babbar Sallah. Dusa da harawa da kowar wake suna cin 600 a rana, wato 72,000. Magani da allura 5,000. Ya tsaya maka a 197,000. Idan ka sayar 230,000, ribarka 33,000 ce, ban da wahalar shara da ɗebo ruwa, ban da la'adar dillali. Idan gudawa ta kashe shi, ko ya haɗiyi leda, duka sun tafi. Masu cewa sun ninka kuɗinsu a rago galibi ba su rubuta kuɗin abinci ba.

Ga wani abu da ya kamata mai kiwon Sallah ya lura da shi. Babbar Sallah tana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara. A 2025 ta faɗo farkon watan Yuni, yanzu kuma tana ƙara kutsawa cikin bazara, lokacin da ciyawa ta ƙare, harawa ta fi kowane lokaci tsada. Wanda bai sayi harawa da kowa tun kaka ya ɗora a rufin ɗaki ba, abincin ragon ne zai cinye ribar. Wajen sayarwa ma sai an jira ranar kasuwa, Wudil ranar Juma'a, Maigatari ranar Alhamis, Potiskum ranar Laraba, kuma dillalai suna gane mai sayarwar dole tun daga nesa. A yankunan Zamfara da Katsina da Sakkwato da ɓarayin daji suka addaba, garke a ƙofar gida kan jawo wa mai shi ido. A birni kuma, idan gidan haya kake, ka fara tambayar mai gida da maƙwabta.

Hatsi yana da irin wannan fuska biyun. Sayen masara ko wake da kaka, a ajiye a buhu mai ciki uku da ke hana ƙwari numfashi, ya daɗe yana biyan masu haƙuri. Amma a 2025 farashin hatsi ya faɗi, waɗanda suka cika sito da tsada suna jiran damina suka kwana a ciki. Shawarata a nan ƙarama ce: ka sayi abincin da gidanka zai ci na wata shida da kaka. Ko farashi ya faɗi, tuwonka ne, kuma ka toshe ƙofar da ta fi kowace shigo da bashi, wato cin kaya a wurin mai shago kafin ƙarshen wata. Tara hatsi don jiran yunwar mutane kuwa wata magana ce daban, mai nauyi a addini.

Gwal

Mata sun riga maza gane wannan. Gwal ba ya ci, ba ya ciwo, ba ya ruɓewa, kuma farashinsa na bin dala. A kasuwar duniya ya tashi daga wajen dala 2,000 kowane oza a farkon 2024 ya haura 4,000 a Oktoban 2025. Wadda ta sayi sarƙa kafin faɗuwar naira ta tsira ta fuska biyu.

Tsadarsa tana cikin tazarar saye da sayarwa. Ranar saye kin biya kuɗin aiki, ranar sayarwa nauyi kawai za a auna, a cire duwatsu, a kuma rage wani abu a kan kowane giram. Idan kin sayar bayan wata uku, da wuya ki mayar da kuɗinki. Gwal na shekara biyu ne zuwa sama, kuma yana saukowa kamar yadda yake hawa. Ki zaɓi marar ado da yawa, a auna a gabanki, a rubuta nauyi da lambar karat a rasit. Haɗarinsa jabu da sata, da kuma aro: sarƙar da aka ara don biki ba kullum take dawowa ba. A mazhabar Malikiyya, gwal ɗin ado da ake sawa babu zakka a kansa, amma wanda aka saya don ajiya, idan ya kai nisabi, wajen giram 85, ya shekara, ana fitar da ɗaya bisa arba'in.

| Hanya | Tsada | Riƙe daraja | Sauƙin ɗauka | Babban haɗari | Tsawon da ya dace |
|---|---|---|---|---|---|
| Asusu | Babu | Rauni ƙwarai | Nan take | Sata, gara, hannunka | Wata 2 zuwa 3 |
| Adashi | Kaɗan | Ya danganta da gurbinka | Sai ranar kwasa | Wani ya gudu, hannun farko bashi ne | Wata 3 zuwa 6 |
| Banki | Ƙananan caji | Rauni | Nan take | Zamba ta waya, saurin kashewa | Kuɗin ko-ta-kwana |
| Kiwo | Abinci da magani | Mai kyau | Sai ranar kasuwa | Ciwo, mutuwa, sata | Wata 4 zuwa shekaru |
| Hatsi | Buhu da wurin ajiya | Yana hawa yana sauka | Matsakaici | Ƙwari, faɗuwar farashi | Kaka zuwa damina |
| Gwal | Kuɗin aiki da ragi | Mafi ƙarfi | Cikin yini | Jabu, sata | Shekara 2 zuwa sama |

Idan zuciya ta ce a karɓa yanzu a biya daga baya

Akwai hujjar da masu ilimi ma ke kawowa: tunda farashi na hawa, gara a karɓi kaya yau a biya kaɗan-kaɗan. A takarda tana da ƙarfi. Amma mai ba da kayan ya riga ka yin lissafin hauhawar, ya zuba ta cikin farashi. Manhajar da ke ɗora kashi goma a wata, a kan 600,000 za ta karɓi ƙarin 360,000 cikin wata shida, kuma irin cin mutuncin da wasunsu ke yi, na tura saƙo ga duk lambar da ke wayar mutum, shi ya sa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta shiga tsakani tun 2022. Murabahar bankin Musulunci, inda banki ke sayen kayan ya sayar maka da riba ka biya kaɗan-kaɗan, halal ce, an san ribar tun ranar farko, ba ta ƙaruwa da kwanaki, amma har yanzu bashi ce da za ta riƙa jiran albashinka kowane wata. Ina ganin dacewarta a kan abin da zai biya kansa, kamar keken ɗinki ga telan da aiki ya yi wa yawa. Ban ga dacewarta a kan kujerun falo ba.

Kafin a zaɓi wurin tari ma, ya kamata a sake duban adadin. Shin 600,000 ɗin nan duka buƙata ce, ko rabinta don idon mutane ne? Tsohuwar waya mai lafiya tana kiran da sabuwa ke yi. Akwati uku na lefe suna ɗaura aure kamar yadda goma sha biyu ke yi. Layya a kan mai hali take, babu wanda aka ɗora wa rance don ita. Na zauna da mutanen da samunsu bai kai na maƙwabtansu ba amma suna barci da wayarsu a kunne, ba sa sauya hanya don kauce wa shagon kowa, kuma abin da na lura da shi a wurinsu shi ne sun daina auna gidansu da gidan wani. Wanda ya rage burinsa daga 600,000 zuwa 400,000 ya rage wa kansa wata huɗu na tari ba tare da ya ƙara samun ko kwabo ba.

Wacce ta dace da wa

Ma'aikacin da ke tara kuɗin haya ko na makaranta: adashin ofis na mutum biyar ko shida, kwasarsa ta faɗo wata ɗaya kafin ranar biya. Idan babu abokan da ya amince da su, asusun banki na daban marar kati.

Mai shayi, mai kayan miya, ɗan acaɓa, duk mai samun kullum: mai adashin kullum da aka daɗe da sani a unguwa, amma a kwashe duk ƙarshen wata a mayar da kuɗin jari ko buhun abinci, kada a bar su su taru a hannunsa.

Uwar da ke shirin kayan ɗakin 'yar da ke da sauran shekara uku ko huɗu: gwal kaɗan-kaɗan, ko tunkiya da akuya idan akwai fili da mai kula. Kayan da ba sa lalacewa, irin su tukwane da kwanuka, a riƙa sayensu ɗaya-ɗaya tun yanzu.

Mutumin karkara mai harawar gonarsa, a yankin da ke da zaman lafiya: kiwo ya fi masa komai, don abin da ke cinye ribar ɗan birni shi a gona yake samunsa.

Kowa da kowa, kafin duk waɗannan: kuɗin ko-ta-kwana da za su riƙe gida wata ɗaya, daga baya a kai su wata uku, a banki inda za a same su da ƙarfe biyun dare. Ba a saka su a adashi, ba a saya rago da su. Rashinsu ne ke mayar da mutum gidan rance ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi.

Wanda kuma yake da bashi a wuyansa yanzu: ya ajiye ɗan abin ko-ta-kwana, ko na mako biyu ne, sauran duk abin da ya samu ya bi masu binsa da shi, ya fara da mai ruwa. Kada ya shiga adashi don ya yi kwasar farko ya biya wani bashin, domin mai bin sa ɗaya ne zai koma goma sha ɗaya. Waɗanda ba zai iya biya yanzu ba, ya taka ya same su da kansa, ya faɗi abin da zai iya kawowa duk wata, a rubuta a gaban shaidu biyu.